Hawan Jini a Tasawa da Mayahi: Abin da Ya Sa Ƙwaya Ɗaya Ba Ta Isa

Duk majon da ya daɗe yana aiki a likitocin karkarar Tasawa ko Mayahi ya san irin kallon da dattijo kan yi wa ordonansi mai ɗauke da magani biyu. An ɗaura masa abin awo a dantse, an hura, an sauke, an ce masa tansiyonsa sha bakwai da goma. Shi kuwa ɗan jiri ne ya kawo shi, ko ciwon ƙeya, ko ma rakiyar jikansa mai zazzaɓi ya yo aka ce bari a auna shi. Sai ya juya takardar, ya ɗaga kai ya ce, "Majo, abin har ya kai haka? Guda ba ta isa?"

Zato biyu ne a ransa: ko dai ciwon ya yi nisan da ake ɓoye masa, ko kuwa so ake ya ƙara zuba kuɗi a farmasi. Daga nan da yawa suke yanke wa kansu hukunci. Wani ya sayi mai arahar ya bar ɗayan. Wani ya sha wannan yau, gobe wancan, don kada su yi saurin ƙarewa.

Duka zaton biyu ba su faɗa daidai ba. Mafi yawan masu hawan jini, ko a Yamai suke ko a Faransa, magani guda ba ya sauke musu shi zuwa inda ake so. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta maganin hawan jini ga manya. Ta ce a fara magani idan awo ya tabbata a 14 da 9 ko sama da haka, wato 140 da 90 a lissafin milimita da injin awo na zamani ke nunawa. Ta kuma ba da shawarar a haɗa magani biyu daga gida daban-daban tun daga farko, in da hali a cikin ƙwaya guda. Ke nan majon da ya rubuta biyu bai tsananta ba, abin da ilimi ya tsaya a kai ya bi.

Ciwon da ba ya sallama

A ƙidayar jama'a ta 2012, gundumar Tasawa da ta Mayahi kowacce ta haura mutum rabin miliyan, kuma da irin haihuwar jihar Maraɗi adadin ya yi gaba sosai tun daga lokacin. Binciken STEPS da aka yi a Nijar a 2007 ya nuna fiye da baligi ɗaya cikin biyar na da hawan jini. Ko a kan wannan ma'auni kaɗai aka tsaya, maganar dubun-dubatar mutane ake yi tsakanin Urafan da Korgom, tsakanin Kanambakashe da Gidan Amumun. A duniya kuwa, rahoton da Hukumar Lafiya ta fitar a 2023 ya ce masu ciwon sun kai biliyan 1.3, ninki biyu na yawansu a 1990. Kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma ɗaya cikin biyar ne kawai jininsa ya sauka yadda ya kamata.

Likitocin karkarar nan an gina su ne a kan cututtukan da ke zuwa da gaggawa: zazzaɓin cizon sauro a damina, tamowa a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ƙyanda, sanƙarau, naƙuda. Tun 2006 kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a hukumance. Jama'a ma a kan haka suka saba: ka zo da ciwo, a ba ka maganin kwana uku ko na mako, ka warke, ka koma gona. Hawan jini bai shiga wannan tsari ba. Ba ya warkewa, riƙe shi ake yi, kuma galibi ba ya nuna alama. Shi ya sa kalmar da ma'aikatan lafiya suka fi ji daga bakin wanda ya ɓace wata huɗu ya dawo ita ce, "Ai jinina ya sauka, shi ya sa na daina." Ya sauka ne saboda maganin, kuma cikin 'yan kwanaki ko makonni da dainawa yake komawa inda yake.

Ranar da zai bayyana kansa, da ɓarna yake zuwa. Magidanci ya tashi sallar asuba baki ya karkace, hannu da ƙafa sun mutu, a ce iska ce ta buge shi ko jifa aka yi masa, a fara da hayaƙi da rubutu kafin a nemi amalanke. Wata zuciyarta ce za ta gaji, ƙafafu su kumbura, haki ya hana ta kwanciya. Wani ƙoda ce za ta tsaya, kuma wankin ƙoda sai manyan asibitocin birane. A watan Agusta na 2024 gwamnati ta yanke rage rabin kuɗin ayyukan jinya a asibitocinta, ta kuma sauƙaƙa wa masu wankin ƙoda. Sauƙi ne na gaske, sai dai manomin Cake ko na Bawdeta da zai bar gida ya tare a birni don a riƙa wanke masa jini sau biyu ko uku a mako, ya san kuɗin asibiti ɓangare ɗaya ne kawai na wahalar.

Ga lissafin da ya kamata kowane mai ciwon ya riƙe. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2016, wanda ya tattara bayanan mutum fiye da 600,000, ya nuna cewa sauke lambar sama da milimita 10, wato daga sha shida zuwa sha biyar, yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Lamba ɗaya tak. Magani na biyun da dattijo ke son ya bari a farmasi, sau da yawa shi ne ke kawo wannan lambar.

Me ya sa ake haɗawa?

Mai lambun da ke jan ruwa da injin ban-ruwa ya san abubuwa uku da ke sa tiyo ya ɗau ƙarfi har ya fashe: ruwa ya yi yawa, ko tiyon ya matse, ko an ƙure wutar injin. Haka jini yake a jijiya, kuma kowane gidan magani da inda yake kamawa.

Gida na farko yana sa ƙoda ta fitar da gishiri da ruwa ta fitsari. A nan ake samun hidrokulorotiyazid da indapamid. Gida na biyu yana sassauta bangon jijiyoyi su buɗe, kuma amlodipin ne sanannensu. Gida na uku yana tare wani saƙo da ƙoda ke tayarwa mai sa jijiyoyi su matse, jiki kuma ya riƙe gishiri. Wannan gidan ɗaki biyu gare shi: masu ƙarewa da "pril", irin su kaptopril, enalapril, lisinopril da perindopril, da masu ƙarewa da "sartan", irin su losartan da telmisartan. Akwai na huɗu, su atenolol, masu rage gudun zuciya, amma yanzu an fi ajiye su ga wanda ke da ciwon zuciya a kan hawan jinin.

Inda gizo ke saƙa shi ne, jiki ba ya zuba ido a sauke masa jini. In aka ba mutum mai sa fitsari shi kaɗai, ƙoda na jin ruwa ya ragu sai ta ƙara tayar da saƙon nan na matse jijiya, ta cinye wani ɓangare na aikin maganin. In aka haɗa da "pril" ko "sartan", an toshe mata wannan hanyar. Shi ya sa ƙara yawan magani guda ba ya kai ƙara na biyu. A 2009 David Wald da abokan aikinsa a Landan suka tattara gwaje-gwaje 42 da suka shafi mutum kusan 11,000, suka gano cewa ƙara magani daga wani gida yana ƙara sauke jini kusan ninki biyar na abin da ninka maganin farko zai ƙara.

Akwai riba ta biyu da ba a cika faɗa wa marasa lafiya ba. Illar yawancin magungunan nan tana ƙaruwa ne da yawan abin da aka sha. Rabin adadin da aka saba bayarwa yana yin kusan kashi 80 cikin ɗari na aikin, amma damuwarsa ta ragu sosai. Ƙari a kan haka, wasu suna gyara wa juna. Amlodipin in ya yi yawa yakan kumbura idon sawu, abin da ke tsorata mata musamman har su jefar da shi. Haɗa shi da "pril" ko "sartan" yana rage kumburin. Mai sa fitsari yana zubar da sinadarin potasiyom, "pril" da "sartan" kuwa riƙe shi suke yi. Saboda haka ƙanana biyu sun fi babba guda, ga ƙarfi ga sauƙi a jiki.

In biyu ba su isa ba, sai a haɗa gidajen uku duka. In ukun ma sun gaza alhali ana shan su kullum, gwajin PATHWAY-2 da aka yi a Birtaniya aka buga a 2015 ya nuna sipironolakton ne ya fi dacewa ya zama na huɗu. Amma wannan mataki ne na lokotoro da gwajin jini, a asibitin gunduma ko a Maraɗi.

An gwada a jikin 'yan Afirka, har da Kano

Shekaru da dama ana rubuta wa baƙar fata magani bisa gwajin da aka yi a jikin Turawa. An dai san cewa "pril" ko "sartan" shi kaɗai bai cika ƙarfi a jikin yawancin 'yan Afirka ba, domin hawan jininsu ya fi alaƙa da riƙe gishiri. Wannan ya shafi yankin nan kai tsaye, tun da kaptopril ya daɗe a kantunan maganin Afirka ta Yamma saboda araharsa, ga shi kuma sai an sha shi sau biyu ko uku a yini. Abin da ba a tabbatar ba shi ne wane haɗi ne ya fi.

Amsar ta zo a 2019, lokacin da mujallar New England Journal of Medicine ta buga sakamakon gwajin CREOLE. Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ne ya jagorance shi, kuma Farfesa Mahmud Sani, likitan zuciya a Kano, yana cikin masu binciken. An ɗauki mutum 728 a cibiyoyi goma na ƙasashe shida: Najeriya, Kamaru, Kenya, Yuganda, Mozambik da Afirka ta Kudu. Aka raba su uku. Wasu aka ba su amlodipin da hidrokulorotiyazid, wasu amlodipin da perindopril, wasu perindopril da hidrokulorotiyazid, na tsawon wata shida. Haɗi biyun da ke da amlodipin suka fi na ukun sauke jini da kimanin milimita 3 a awon yini da dare. A idon mutum guda wannan ba shi da yawa, amma in aka shimfiɗa shi a kan dubban mutane, gidaje ne masu yawa da ba za su yi jinyar shanyayye ba. Darasin da majo zai ɗauka a taƙaice yake: ga baƙar fata, a sa amlodipin a cikin haɗin.

A ƙarshen 2020 Najeriya ta fara wani shiri a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun, wanda ma'aikatan lafiya da ba lokotoro ba suke gudanarwa da takarda guda mai matakai. A fara da amlodipin miligiram 5. In bayan wata bai sauka ba, a ƙara losartan 50. In bai isa ba, a ninka su biyun. Sannan a ƙara hidrokulorotiyazid. In duk an yi haka jini na sama, a tura mutum babban asibiti. Ƙarfin tsarin yana cikin sauƙinsa: duk wanda ka tarar a bakin aiki abu guda zai yi maka, kuma magunguna uku kaɗai ake buƙatar kada su yanke a kanta.

Wannan tsarin ne Ojji da abokansa suka gwada da wata sabuwar dabara a gwajin VERONICA, wanda mujallar JAMA ta buga a 2024. Mutum 300 a Najeriya aka raba biyu. Rabi suka bi matakan da aka saba, rabi aka fara musu da ƙwaya guda mai ɗauke da telmisartan, amlodipin da indapamid, kowanne ɗan kaɗan. Bayan wata guda, 81 cikin ɗari na masu ƙwaya mai uku jininsu ya sauka ƙasa da 14 da 9, a ɗaya ɓangaren kuwa 55. Bayan wata shida aka samu 82 da 72. Ƙarancin potasiyom ya fi fitowa ga masu ƙwaya mai uku, abin da ke nuna ana son gwajin jini lokaci-lokaci. Amma sakamakon watan farkon nan shi ya fi dacewa da karkara. Mutumin da zai biya kabu-kabu daga wani ƙauye a Gulbin Kaba zuwa Mayahi ba lalle ya dawo sau huɗu a yi ta ƙara masa magani mataki-mataki ba. Zuwansa na farko, wataƙila shi ne kaɗai damar da za a samu.

Haɗin da ba majo ne ya rubuta ba

Abin da ke ɗaure kai shi ne, mutumin da ke tsoron magani biyu daga hannun ma'aikacin lafiya, shi ne kuma zai tsaya gaban mai tallar magani ranar kasuwa a ƙulla masa ƙwayoyi huɗu masu launi daban-daban a leda, na "ciwon jiki" ko na "gajiya". A nan haɗari yake.

Cikin irin wannan ƙulli da wuya a rasa diklofenak ko ibuprofen. Manomi mai ciwon baya da tsohuwa mai ciwon gwiwa suna jin daɗinsu, kuma da gaskiyarsu, suna kashe ciwo. Sai dai suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, su ɗaga jini, su raunana aikin maganin hawan jinin. In suka haɗu da mai sa fitsari da "pril" ko "sartan" a jiki guda, musamman a zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ko a lokacin gudawa da amai, ƙoda na iya tsayawa cikin 'yan kwanaki. Farasitamol ya fi aminci ga mai hawan jini. Haka nan deksametazon da danginsa, da wasu 'yan mata da amare ke sha don su yi ƙiba, yana ɗaga jini ya kuma jawo ciwon suga. Wasu magungunan mura masu buɗe hanci ma suna ɗaga shi.

Akwai kuma kuskuren da ke fitowa daga yawan ordonansi. Mutum ya karɓi enalapril a Tasawa, ɗansa ya aiko masa da losartan daga Kano, ya haɗa yana sha don ya ga duka na tansiyo ne. Waɗannan 'yan gida ɗaya ne, ba a haɗa su. Gwajin ONTARGET na 2008, mai mutum fiye da 25,000, ya nuna haɗa "pril" da "sartan" bai ƙara kariya ba, sai dai ƙarin lalacewar ƙoda da faɗuwar jini fiye da kima. Wani kuma magani guda ne yake sha sau biyu bai sani ba, don kwalayen sun sha bamban da suna, ɗaya na Faransanci ɗaya na Ingilishi. Maganin wannan ba shi da tsada: duk ranar zuwa likita a zuba dukan abin da ake sha a leda a tafi da shi, har da na gargajiya, a zazzage gaban majo.

Su ma "pril" suna da nasu halin. Sukan jawo busasshen tari mai naci, wanda mutane ke ɗauka sanyi ne su yi ta sayen maganin tari, alhali canzawa zuwa "sartan" kawai ake buƙata. Wani lokaci, kuma an fi ganin haka ga baƙar fata, sukan kumbura leɓe da harshe farat ɗaya. Wanda ya ga haka ya daina sha nan take, a garzaya da shi asibiti.

Maganar mata ta fi kowacce nauyi a nan. A binciken lafiyar iyali na 2012, matsakaicin haihuwar mace a Nijar 7.6 ne, a jihar Maraɗi kuwa ya haura 8. Ma'ana, macen da ke tsakanin shekara ashirin da arba'in a Mayahi, ko tana da ciki, ko tana goyo, ko tana dab da ɗaukar wani. "Pril" da "sartan" suna lalata ƙodar ɗan tayi, suna iya kashe shi. Ba a ba mai ciki, kuma duk macen da ke iya ɗaukar ciki sai an yi mata wannan bayani a fili kafin a miƙa mata. Mai ciki nata daban ne: metildopa, wanda aka fi sani da Aldomet, ko nifedipin mai dogon aiki, ko labetalol. Uwar miji mai kyakkyawar niyya da za ta ɓallo wa surukarta ƙwaya daga nata maganin ta ce, "Ungo 'yata, ni ma shi nake sha," tana iya jawo asarar da ba ta taɓa zato ba.

Sai kanwa. Mutane da yawa ba sa lissafa ta cikin gishiri, alhali sinadarin sodiyom da ke ɗaga jini shi ne jigonta. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka bi matan Zariya fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka alaƙanta abin da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciyar gadon wuta. Mai jegon da aka ce tana da hawan jini, kunun kanwa ba nata ba ne. Ga sauran jama'a kuma, Hukumar Lafiya ta ce kada gishirin yini ya wuce giram 5, kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, kuma a cikinsa ake lissafa dunƙulen magi, da kanwar da aka jefa a wake ko miyar kuka, da yajin kilishin da Tasawa ta yi suna a kansa. Rage gishiri yana ƙara wa kowane ɗaya daga magungunan nan ƙarfi.

Zoɓo fa? Yana da ɗan tasiri na gaske. Wani gwaji a Jami'ar Tufts ta Amurka da aka buga a 2010 ya ɗauki mutum 65 masu ɗan hawan jini, waɗanda aka ba zoɓo a cikinsu kofi uku a yini na mako shida, lambarsu ta sama ta sauka da kimanin milimita 7. Wanda ke son sa ya sha, ba tare da tula suga ba. Amma mai sha bakwai da goma da ya ajiye ƙwayoyinsa ya koma zoɓo da tafarnuwa, bai kama hanyar sauka ba.

Kuɗi, nisa da ingancin ƙwaya

Ko an rubuta haɗin da ya dace, saura a same shi, kuma ya zama na gaske. Binciken SEVEN da aka buga a 2017 ya sayo magungunan zuciya da na hawan jini iri bakwai daga farmasi da kasuwannin titi a ƙasashen Afirka goma, har da Nijar, ya auna samfuri 1,530. Kashi 16 cikin ɗari ba su cika inganci ba. Abin takaicin shi ne amlodipin da kaptopril ne suka fi lalacewa, fiye da ɗaya cikin huɗu na kowannensu. A cikin waɗanda aka ƙera a Asiya aka sayar a titi, abin ya kai rabi. Kudancin Tasawa, wajen Korgom da Hawandawaki, yana dab da iyakar Najeriya, kaya na shigowa ta kowace kafa, kuma ƙwayar da ta wuni a tire cikin rana ko da ta fito masana'anta lafiya ba lalle ta kai yamma da ƙarfinta ba. Majo zai ga jini bai sauka ba ya ƙara magani na uku, alhali na farkon ne garin banza.

Wani binciken na masanan nan, mai suna EIGHT, ya duba masu hawan jini 2,198 a ƙasashe 12, nan ma har da Nijar, ya tarar fiye da uku cikin huɗu jininsu bai sauka ba, kuma talakawan cikinsu abin ya fi yi wa tsanani. Waɗannan fa mutanen birni ne da suka kai ga ganin likitan zuciya. Binciken PURE na 2017 kuwa ya ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, gida 31 cikin ɗari ba za su iya sayen maganin hawan jini iri biyu ba. Mutanen Nijar sun kuma ga yadda hanya kan yanke: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe iyakoki, kayan da ke biyowa ta tashar Kwatano suka tsaya, magunguna suka yi wuya na tsawon watanni.

A nan ne ƙwaya guda mai ɗauke da magani biyu take da amfanin da ya wuce sauƙin haɗiya. Ba a iya sayen rabinta a bar rabi. Ba a iya shan ɗaya yau ɗaya gobe. Tsohon da bai yi boko ba ba sai ya bambance fara da ja ba, kuma mai ajiyar magani a likita kaya guda zai lissafa. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta sa irin waɗannan haɗe-haɗe guda huɗu a jerin magungunan da bai kamata a rasa ba: lisinopril da amlodipin, lisinopril da hidrokulorotiyazid, telmisartan da amlodipin, telmisartan da hidrokulorotiyazid. Dukansu tsofaffin magunguna ne da kowace masana'anta ke da izinin ƙerawa. Tsadar da ake gani a farmasin birni galibi ta sunan kamfani ce. In ma'aikatar lafiya da ONPPC, ofishin da ke sayo wa ƙasa magani, suka zaɓi haɗi ɗaya ko biyu suka sayo da yawa, farashin zai sauko inda manomi zai iya. Sau ɗaya a yini kuma ya dace da azumi: a sha bayan buɗa-baki, mai shan na fitsari kuma ya nemi shawarar majo tun kafin watan ya kama.

Jagorar 2021 ta buɗe ƙofofi biyu da suka dace da gundumomin nan. Ta yarda ma'aikatan jinya da masu farmasi su riƙa ba da maganin hawan jini, muddin an horar da su, akwai rubutaccen tsari, kuma lokotoro na sa ido. Ta kuma ce gwajin jini abu ne mai kyau, amma kada rashinsa ya hana fara magani. Amlodipin, wanda ba ya buƙatar a riƙa auna ƙoda, ya sa wannan mai yiwuwa ne har a likitar da ba ta da ɗakin gwaji.

Sai batun lokaci, wanda takardun Hukumar Lafiya ba su san shi kamar yadda majon Isawan ko na Maijirgi ya san shi ba. Jagorar ta ce a riƙa ganin mutum duk wata har jininsa ya sauka, daga nan duk wata uku zuwa shida. Kuɗin manomi a kaka yake zuwa, bayan an sayar da wake da gyaɗa, ya ƙafe tun kafin shuka. Wanda jininsa ya daidaita, in aka sallame shi da maganin wata uku a lokacin da yake da abin biya, an rage masa kuɗin mota sau biyu, an kuma rage yiwuwar ya yanke. Masu tafiya cin rani sun fi kowa buƙatar haka, don sukan bar gida bayan girbi ba su dawo ba sai ruwa ya kusa sauka. Irin wannan matafiyi ya tafi da guzurin maganinsa, da ɗan kati a aljihu mai ɗauke da ainihin sunan kowane magani da miligiram ɗinsa da awonsa na ƙarshe, domin in ya ƙare masa a Kano ko Agadas ya shiga farmasi a ba shi irinsa daidai.